Billen da Ya Koma Dama

Tun ranar da na dawo daga Jidda mutanen majalisarmu ta bakin shago suka hana ni sakat. Wannan ya ce, "Sale, ina dabino?" Wancan ya ce, "Me ya sami yatsunka suka yi baƙi ƙirin, lalle aka yi maka a can?" Alhaji Bala mai taya kuwa cewa ya yi bai taɓa ganin wanda ya tafi Umra da tumbi ya dawo babu ba, sai na faɗi inda na ba da shi ajiya. Na fara ba da labarin nan ya fi sau ɗari, kullum sai wani ya katse ni da tambayar nawa ake sayar da agogo a can. To ga shi a rubuce. Duk wanda ya sake tambayata takarda zan miƙa masa. Sai dai kun saba ina ba ku dariya har ku riƙe ciki, wannan karon ku yi haƙuri da abin da ya samu.

Ga wanda bai san ni ba, ni mai hoto ne a Fagge tun ina da gashi a ka. Da waya ta zo ta kashe mana kasuwa, har akuya ta iya ɗaukar kanta hoto, sai na koma na koyi aikin kakannin sana'ar, wato hoton faranti. Farantin ƙarfe ne baƙi, faɗinsa kamar tafin hannu biyu. Za ka zuba masa wani ruwa mai yauƙi, masu ilimi suna ce masa kolodiyon, ni kamu nake ce masa. Ka tsoma shi cikin ruwan azurfa a cikin duhu, ka saka shi a akwatin hoto tun yana jiƙe, ka ɗauki mutum, ka ruga cikin duhu ka wanke. Duk sai an gama kafin farantin ya bushe. In ya riga ka bushewa, ka tashi a tutar babu. Kuma hoton da ya fito shi ke nan, ɗaya tak, ba a buga na biyu daga jikinsa.

Wannan "ɗaya tak" ɗin shi ya kai ni Jidda.

Ina da goggo a Gumel, Goggo Asabe, ƙanwar mahaifina. Suna da ƙane, Baffa Idi, wanda ya bi kakanmu aikin Hajji ta ƙasa tun yana saurayi. Kakan ya rasu a hanya cikin Sudan, shi Idi ya ƙarasa, daga nan shiru. Shekara hamsin da ɗoriya. Mahaifina ya rasu bai ji ɗuriyarsa ba. Sau biyu 'yan damfara suna zuwa wa Goggo da cewa Idi ne ya aiko su, na biyun har rago ta yanka masa. Bara sai ga wata mata mai suna Sa'adiyya ta lalubo mu ta waya, ta ce ita 'yar Idi ce, yana raye a unguwar Nuzla. Na tafi Gumel da wayar, aka haɗa su. Goggo ta saurara ta saurara, ta miƙo mini wayar ta ce, "Wannan ai Balarabe ne yake koyon Hausa."

Muka ce to a turo hoto. Tsoho ya ce atafau. Ba shi da iƙama, takardar zama ke nan, bai taɓa samunta ba. Shekara hamsin yana raɓe-raɓe a bayan ƙofa, kuma ya yi imani duk hoton da ya shiga waya yawo yake yi har sai ya sauka a teburin masu kame. Sai da Sa'adiyya ta yi masa bayanin irin aikina ya ce, "Ba shi da na biyu? Halas. Ya zo."

Da na je sallama, Goggo ta kama hannun rigata. Ta ce, "Ba na son dabino, ba na son turare. Bille za ka kawo mini. A kuncin hagu yake. Ina wurin wanzami ya yi shi, ni na riƙe ƙoƙon ruwa. Yaron ya zabura, askar ta zame, wutsiyar billen ta rabu biyu kamar ƙafar kaza. In na ga wannan, Idi ne. In babu, kada wanda ya ƙara kawo mini maganar Makka har in mutu."

Na ce, "Goggo, in ma babu ni zan tsaga masa."

Ta ɗaka mini duka a baya. Tana da tamanin da wani abu, amma hannun nan har yanzu na daka ne.

Na yanki bizar Umra a tsakiyar bazararsu, don lokacin ne kujera take da sauƙi, kuma sai da na isa na gane dalili. Da aka buɗe ƙofar jirgi a Jidda, wallahi kamar na ɗaga murfin tukunyar dambu na cusa kai. Zafin Kano cizo yake yi, ka gudu inuwa ya ƙyale ka. Na Jidda lasa yake yi. Yana bin ka cikin inuwa, ya bi ka cikin riga, ya kwanta a jikinka jagab kamar jiƙaƙƙen bargo. Kafin in sauka daga matakala na yi gumin da zai ishi shuka gero.

A wurin binciken kaya wani matashin jami'i ya buɗe akwatina ya ga akwatin hoton katako da wuyansa mai naɗi kamar zugazugin maƙera. Ya ce, "Esh hada?" Ni kuwa Larabcina na salla ne, in na wuce Ƙulhuwallahu sai dai nuni. Na kafa masa shi, na lulluɓa masa baƙin ƙyalle a ka, na ce ya leƙa. Ya hango abokin aikinsa kai a ƙasa ƙafa a sama, don haka gilashin yake nuna komai. Ya tuntsire da dariya, ya kira wani, wani ya kira wani. Sai da kusan rabin ma'aikatan wurin suka ga ogansu a kife sannan aka ce, "Yalla, ya Hajji," na wuce da farantaina shida. Ruwan aikin dai ba a hawa jirgi da shi, wuta yake kamawa, sai a can zan nema.

Na yi Umrata lafiya, Allah ya karɓa. Na komo Jidda hannun Malam Lawali, wani Badamagare mai jan motar kaya wanda Sa'adiyya ta haɗa ni da shi. Yana ganina ya ce, "Bakano da akwati! Me ka zo sayar mana, iska a kwalba?" Na ce, "Na zo ne in ga inda bayinmu suka ɓuya." Daga nan muka ƙulle.

Ya sauke ni a ɗakinsu a unguwar Sa'alaba, mu bakwai, da na'urar sanyaya ɗaki guda wadda suke kira mukayyif. Tari take yi kamar tsohon da ya sha taba shekara sittin, in ta gaji ta tofa mana ruwa a ka. Da safe tamis da ful, wato wani faffaɗan burodi da dafaffen wake. Na ci waken nan har na fara jin tausayin mutanen ɗakin. Abin da ya ba ni mamaki shi ne babu majalisa. A Kano mutum zai fito da benci ya zauna ya ga duniya. A can da rana titi wayam, kowa yana bayan ƙofa, sai kyanwoyi kawai, su ma a kwance kamar an zubar. Wani abu kuma da na lura: ana cikin hira ana dariya, da mota ta tsaya a ƙofar gida sai ɗakin ya yi tsit. Kowa ya kasa kunne. Sai ta wuce a ci gaba daga inda aka tsaya, ba wanda zai ce komai a kai. Ranar farko na yi wasa da abin. Ba wanda ya yi dariya. Ban sake ba.

Washegari Lawali ya kai ni Nuzla. Lunguna ƙanana, wayoyin wuta a harɗe a sama kamar taliya, ƙamshin ƙosai yana tashi daga wata kwana har na ɗauka Fagge nake. Sa'adiyya ta buɗe mana. Mace ce mai kimanin arba'in, aikinta dafa abincin biki. A can aka haife ta, ba ta taɓa ganin Nijeriya ba, can ɗin ma ba a san da zamanta ba. Ta ce, "Ahlan, Yaya Sale, tafaddal, shiga. Baba yana ciki, bas yau ta'aban ne shuwayya." Wato yau jikin nasa ba daɗi. Haka Hausarta take, rabi ta tafi rabi ta dawo.

Ɗakin ba taga. Ya ɗauke ni lokaci kafin in gane cewa tarin mayafin da ke kan katifa mutum ne. Ƙafafunsa sun kumbura suntum, sauran jikin kuwa kamar kara. Asibiti sai da takarda, don haka maganinsa abin da mai kantin magani ya ga dama ya bayar. Na durƙusa na gaishe shi. Ya riƙe fuskata da hannu biyu ya ce, "Hancin Yaya Musa." Mahaifina ke nan. Ni kuwa kuncinsa na hagu nake leƙe kamar ɓarawo. Tamoji ne a kan tamoji, ga furfurar gemu ta haura. Ban ga bille ba. Na ce a raina, Sale, ko dai damfara ta uku ce wannan?

Sai ya fara tambaya. Tsamiyar bakin rijiya tana nan? Na ce an sare ta, an yi shaguna. Malam Ɗan'azumi mai kiran salla? Ya rasu. Tanko ɗan wanzami? Ya rasu. Larai ta gidan maƙera? Na ce ta rasu da jikoki goma sha. Ya yi ta jero sunaye ina ta binne su ɗaya bayan ɗaya, har na ji kamar ni ne Mala'ikan Mutuwa ya aiko da saƙo. Da ya gaji ya ce, "Asabe kaɗai ke nan." Na ce, "Ita kam tana nan, jiya-jiyan nan ta kusa karya mini baya." Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa har Sa'adiyya ta fitar da mu.

Ruwan aiki a unguwar Ammariyya muka samo shi, wurin wani Balarabe malamin makaranta mai sha'awar irin wannan hoto. Da Lawali ya fassara masa abin da na zo yi, ya dube ni ya dubi sama ya ce, "A wannan watan? A waje? Majnun!" Wannan kalma ba ta bukaci tafinta ba. Ya ce su sai sanyi ya shigo suke taɓa faranti, don kamun nan in ya ji zafi tafasa yake yi a cikin kwalba. Amma ya tsiyaya mini 'yan kwalabe, ya ce in sanyaya komai, in kuma zuba sukari a ruwan wanki don ya rage masa gaggawa.

A mota Lawali ya ce, "To sai mu biya mu sayi galas."

Na ce, "Gilashin me? Da ƙarfe nake aiki."

"Galas, Bakano! Galas na sanyi!"

"Gilashi ba ya sanyi sai in a Damagaram."

Muka yi ta musu har ya tsaya a wani shago ya fito rungume da ƙanƙara. Ashe haka suke ce mata a Faransancinsu. Ya ce da ma ya san Kanawa ba sa gane abu sai an ɗora musu a ka.

Hoton faranti yana son hasken sarari, fitila ba ta yi masa. Gidan su Baffa yana da ɗan tsakar gida da suke kira hosh, faɗinsa bai fi tabarma huɗu ba, sama a buɗe. Nan na kafa ɗakin duhuna: kwalin firji, aka lulluɓe shi da tsofaffin abayoyin Sa'adiyya guda biyu, na huda 'yar taga na manna jar leda. In na shiga daga kai zuwa ƙugu, Lawali ya ce kamar wata Hajiya ta faɗa rijiya.

Ranar farko gwaji na yi da Lawali, don kada in wahalar da tsoho a banza. Da hantsi na zuba kamu a faranti na farko. Kafin ya gangara kusurwa ta huɗu ya bushe ya yi kirci kamar ƙafar mai tallan gawayi. Asara ɗaya. Na biyu ya shiga azurfa lafiya, amma ina zuba ruwan wanki sai hazo ya rufe shi fari fat, ko hancin Lawali ban gani ba, alhali ana hango shi daga Agadas. Asara biyu. Na jera kwalabe cikin bokitin ƙanƙara, na zuba sukari, na ce Bismillah. Ana cikin haka wata maƙwabciya ta leƙo ta taga tana zazzaga Larabci. Warin kamun ne ya kai mata, don akwai sinadarin da ke tashi kamar na barasa. Ta ɗauka burkutu muke dafawa a cikin abaya. Ni abin dariya ya ba ni, amma na ga fuskar Sa'adiyya ta canza. Ƙara ɗaya matar nan za ta kai, a zo a kwashe gidan duka. Sai da ta hau sama da kwanon sambusa da rantsuwa kafin tagar ta rufe.

Faranti na uku ya fito. Ga Lawali zaune a kan buhun shinkafa kamar wani gwamna. Ya duba ya duba ya ce, "Kai, ka ga rubutun buhun! Ka mayar da Larabci boko, daga hagu yake tafiya!" Na ce masa haka faranti yake, yadda madubi yake juya mutum haka yake juya shi, dama ta koma hagu. Muka yi dariya muka wuce wurin. Da na san abin da maganar nan za ta jawo, da na rubuta ta a goshina.

Saura uku.

Washegari tun rana ba ta hau katanga ba muka ɗauko Baffa ni da Lawali. Bai kai nauyin akwatin hotona ba. Ya sa aka ciro masa wata tsohuwar hula daga ƙasan jaka, wadda ya baro gida da ita, ta koɗe har ba a gane launinta. Muka jingina shi da bango a kan kujera. Ya ɗaga kai ya dubi sama yana ƙifta ido. Sa'adiyya ta ce mini a hankali rabonsa da zama a sarari da rana tun kafin rasuwar mahaifiyarta.

Aikin yana bukatar mutum ya daskare na ƙirga takwas. A na huɗu ina kai biyar tari ya sarƙe shi. Hoton ya fito da kai uku. A na biyar ya daure, komai ya tafi daidai, na ruga cikin kwali. To a cikin kwalin nan zafin ya wuce a ba da labari. Ƙanƙarar ta zama ruwan wanka, tururin kamu ya cika mini hanci. Ina riƙe da faranti, ina kallon ɗigon gumi yana gangarowa a karan hancina, ba hannun da zan share, ina roƙonsa kamar mutum. Ya ɗiga a tsakiyar fuskar Baffa. Daga nan ban san abin da ya faru ba. Lawali ya ce gani kawai suka yi Hajiya ta kife da kwalinta. Da na farfaɗo ina kwance a siminti, ana zuba mini ruwan bokiti, kaina kamar ana daka sakwara a ciki.

Sa'adiyya ta ce, "Halas. Ya isa. Za ku kashe shi, ku kashe kanku." Gaskiyarta ne. Leɓɓan tsohon sun yi fari, numfashinsa yana fita da ƙara, rana kuma ta fara leƙowa ta kan katanga.

Baffa ya ɗaga yatsa. Ya ce, "Ɗan Musa. Saura nawa?"

Na ce, "Ɗaya, Baffa."

"Yalla. Sa'adiyya 'yata, miƙo mini carbina. Kada Asabe ta ce na zauna a ƙasar Annabi hannu sake."

Ta saƙala masa carbin a hannun dama. Lawali ya ruga ya ƙaro ƙanƙara, na ɗaura tsumma a goshi kamar ɗan dambe. Na zuba kamun ƙarshe, na tsoma, na jira, na fito da shi a rufe. A Kano in zan ɗauki mutum sai na ba shi dariya tukuna sannan in ce kada ya motsa. Ranar nan na laluba ban sami ko ɗaya ba. Na ce, "Baffa, ka ga gilashin nan? Goggo tana ciki. Dube ta."

Ya dube ta. Na cire murfi na ƙirga takwas. Ko ƙuda bai gifta ba.

Na wanke, na fito da shi haske, na saka a ruwan ƙarshe. A nan ne abin yake juyewa a gaban idonka, farin hayaƙi ya janye, mutum ya taso. Hular ta fara fitowa, sai idanu. Sai ga shi. Faranti yana da wata ɗabi'a, yana ganin abin da ke cikin fata wanda ido ya daina gani. Ga bille ya sauko daga gefen hanci raɗau kamar jiya aka tsaga, ga wutsiyarsa ta rabu biyu. Ƙafar kaza. Na yi kabbara har matar sama ta sake buɗe taga.

Da na busar da shi na shafe shi da man kariya, na kai masa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan ai babanmu ne." Can ya ce, "Hannu da hannu za ka ba ta. Ka ce mata ba mantawa na yi ba. Na fita da uba, na binne shi a rairayi a garin da ban san sunansa ba. Da wane ido zan shiga gida ni kaɗai? Na ce sai na yi abin kaina tukuna. Ana nan ana nan, hanya ta rufe."

Kwana huɗu bayan haka, da la'asar, Allah ya karɓi abinsa.

An sha zirga-zirga kwana biyu kafin a ba da izinin binne shi, don mutumin da ba ya cikin kowane littafi sai an fara tabbatar da cewa ya taɓa rayuwa. Lawali ya ajiye motarsa ya yi ta bin ofis-ofis da wasu dattawan unguwa. Na ga takardar da idona. Ita ce ta farko da aka rubuta sunansa a ƙasar, kuma ta shiga kabari ce. Maƙabartarsu ba kamar tamu ba, ba tudu, ba alama, fili ne shafe da 'yan duwatsu. Kana juya baya ba za ka sake gane wurin ba.

Daren da zan taho na ga Sa'adiyya ta ɗauki farantin tana kallo. Ba ta da hoton ubanta ko ɗaya, ga shi ni na zo da aikin da ba shi da na biyu. Na buɗe baki zan yi magana ta girgiza kai. Ta naɗe shi cikin hular nan ta miƙo mini. Ta ce, "Ni na gan shi shekara arba'in. Kai wa Goggo Asabe." Muka yi shawara kada a buga waya Gumel, ni zan faɗa da bakina.

Ban kwana biyu a Kano ba na hau mota. Na tarar da Goggo a tsakar gida tana gyaran zogale. Muka gaisa. Na yi niyyar in nuna mata hoton tukuna, ta sami ƙanenta ko na minti ɗaya ne kafin in karɓe shi. Na warware hular na miƙa mata farantin. Ta goge hannu a zane, ta kai shi kusa da ido, ta nisantar, ta karkata shi wajen haske. Na ga yatsarta ta bi billen har wutsiya, ta tsaya.

Sai ta ajiye shi a kan tabarma.

Ta ce, "An cuce ka, Sale. Sun ji labarin ƙafar kaza sun tsaga wa wani, amma ba su san kuncin ba. Wannan a dama yake. Na Idi a hagu." Ta sake leƙawa ta ja tsaki. "Dubi ma, carbi a hannun hagu! Wane ɗan gidanmu ne zai ja carbi da hagu, a Makka kuma? Ba shi ba ne." Ta jawo tiren zogalenta. "Ba komai. Nawa Idin yana can wani wuri. Allah ya sa yana cikin alheri."

Ni da na shekara ina gaya wa masu zuwa shagona su sauya hannu kafin in ɗauka, ranar da ya fi kowace rana muhimmanci na manta, kaina yana cikin bokiti.

Jama'a, a nan ne na yi zaman da ya fi na cikin kwali zafi. In na yi shiru, shi ke nan. Wani baƙo ne ya mutu a Jidda, Goggo ba ta da makoki, Idinta yana nan da rai har ranar da za ta bi shi. Ba wanda zai sani sai ni. Wallahi na kai hannu zan naɗe farantin. Sai na taɓa hular, na tuna yadda ya daskare na ƙirga takwas yana kallon gilashi.

Na tashi na shiga ɗakinta na ciro madubin da ke rataye a bango. Na durƙusa a gabanta na riƙe shi. Na ce, "Goggo, ɗauki farantin ki sa a gefen fuskarki. Kada ki dube shi. Dubi nan."

Ta ce, "Wane sabon shashancin ne kuma?" Amma ta yi.

A cikin madubin carbi ya koma dama. Bille ya koma hagu. Ga fuska biyu a jere, hanci ɗaya, goshi ɗaya, tsufa ɗaya.

Ta ce, "Idi." A hankali, kamar mai tashin yaro daga barci. "Idi, ka tsufa."

Na faɗa mata saƙonsa, kalma da kalma, har rairayin da garin da ba shi da suna. Ta saurara ba ta ɗauke ido daga madubin ba. Ta ce, "Wawa. Wa ya ce masa uban muke jira? Shi muke jira."

Sai ta juyo da idanun nan kaina ta cikin madubin.

Ta ce, "Sale, tun da ka shigo gidan nan ba ka yi wasa ko ɗaya ba."

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ran wace rana aka kai shi?"

Na ce, "Alhamis, Goggo."

Ta yi salati. Ta kwantar da farantin a cinyarta, ta ja gefen mayafinta ta share masa ƙurar hanya. Sannan ta ce in bar madubin a nan ƙasa, kada in mayar da shi bango.